Kafin a ƙera, a tambayi na ƙarshen kogi

Jama'a, kwanakin nan muhawara ta yi zafi a kan ƙirƙirarriyar basira, wannan da ake yi wa tambaya a waya ta amsa kamar mutum. Wasu sun ce alamar tashin duniya ce, wasu sun ce ƙauyanci ne ke sa mu tsoro. Ni daga ƙasar Haɗejiya nake rubutu, kuma damuwata ɗaya ce: duk babban abin da aka ƙera, masu yanke shawarar ƙera shi daban, masu kwana da sakamakonsa daban.

Mu nan ruwa ne ya koya mana wannan. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa ta biyo baya a 1992. Ba mai musun alherinsu. Shinkafar Kura da tumatirin Kadawa daga nan suke sha, birnin Kano ma haka. Amma a da, kogin Haɗejiya cika yake yi da damina ya malale fadamu, da rani ya janye ya bar ƙasa mai danshi. Manomi ya shuka, masunci ya kama kifi, Bafulatani ya sami ciyawa, kowa da lokacinsa. Da aka tare ruwan aka riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara, sai ciyawar kachala ta sami abin da take so. Ta toshe hanyoyin ruwa, wasu gonakin suka nutse, wasu suka bushe. Tsuntsun jan baki ya mai da ita gida, yana fitowa ya cinye shinkafa da gero tun ba a girbe ba, ga sauro. Ku je Guri ko Kirikasamma ku tambayi dattawa. Injiniyoyin ba mugaye ba ne, alheri suka nufa. Sai dai lissafinsu bai kai ƙarshen kogi ba, kuma babu wanda ya zauna da Sarkin Ruwa ya ji ta bakinsa.

Haka aka yi a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a gwajin da ya shafi yara kusan 200. Sha ɗaya sun rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Zargin da ya shiga zukata a lokacin yana cikin abin da ya sa aka ƙi allurar shan inna a 2003, yara da yawa suka nakasa a banza. Cin amana ɗaya ya sa mutane gudun maganin da zai cece su, wallahi wannan yana ci mini rai.

To yanzu ga ƙirƙirarriyar basira, abin da masu ƙera shi da kansu suke jin tsoro. Geoffrey Hinton, wanda ke cikin waɗanda suka aza harsashin wannan fasaha, ya bar Google a 2023 don ya sami bakin gargaɗi. A watan Mayun shekarar, shugabannin manyan kamfanonin suka sa hannu a takardar da ta jera haɗarinta ga wanzuwar ɗan Adam tare da annoba da yaƙin nukiliya. Suka sa hannu, suka koma suka ci gaba da tsere, kowa na cewa in na tsaya wani zai wuce ni. Wannan uzurin bai gamsar da ni ba. Wanda ya ce abin da ke hannunsa zai iya hallaka mutane, ai shi ya fi kowa cancantar ya sassauta. Malamanmu sun karantar da mu cewa tunkuɗe ɓarna shi ake gabatarwa a kan jawo amfani.

Kada a ce ina ƙin ci gaba. Famfon sola ya raba masu noman rani da sayen fetur, waya ta sa manomi ya san farashin riɗi a Maigatari bai bar gida ba. Muna so, a ƙaro ma.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce mu ƙanana ne, ba mu da ta cewa. Da Faransa ta riƙa gwajin bam ɗin nukiliya a hamadar Aljeriya a 1960, inda iskar hunturu ke tasowa ta nufo mu, gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961. Wata uku da 'yan kwanaki kacal Najeriya ta yi da samun 'yanci a lokacin.

Don haka ina kira ga 'yan majalisarmu da malaman Jami'ar Tarayya ta Dutse da na Bayero: duk manhajar da za a kawo ta yanke wa manomi hukuncin bashi, ko ta duba mara lafiya a asibitin ƙauye, a fara bayyana wa mutane da Hausa abin da take yi da bayanansu, a kuma rubuta sunan wanda za a kama idan ta yi ɓarna.