Gwanin Gyaran Jimla

A shekarar 2023 na ƙudiri aniyar neman digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci a ƙasar waje, kuma yawancin makarantun da na duba sai na tarar suna neman sakamakon wata jarrabawa mai suna GMAT, wadda aka fara yi a Amurka tun 1954, kuma ƙungiyar GMAC ce take kula da ita. Lissafin cikinta bai tayar mini da hankali ba, domin aikin akawu nake yi. Turancin kuwa ban ma sa shi cikin abin damuwa ba, tunda na ci shi a WAEC, na ci shi a JAMB, kuma a ofishinmu ni ake kawo wa wasiƙa in duba kafin a kai wa shugaba ya sa hannu.

Wani yayana, ɗan baffana, wanda ya rubuta jarrabawar shekarun baya, shi ne ya ba ni littafinsa, wani ƙato mai bango a yage, duk gefen shafukansa rubutun fensir da tabon shayi. Da zai miƙo mini sai ya ce, “Ƙanena, ka riƙe sashen gyaran jimla da hannu biyu, domin a nan ne namu suke faɗuwa, a nan ne kuma mai wayo yake kwasar maki.” Na ce, “To, Yaya,” alhali a raina ina ganin ya raina mini hankali.

Tsarin tambayoyin ba shi da wuyar bayani. Za a kawo doguwar jimla, a ja layi a ƙarƙashin wani ɓangarenta, sannan a jero zaɓi biyar daga A zuwa E, inda na farkon yake maimaita abin da ke cikin jimlar ba tare da canji ba, sauran huɗun kuma kowanne ya zo da nasa gyaran. Littafin ya ce sashen Turanci yana da tambayoyi 36 cikin minti 65, wato ƙasa da minti biyu ga kowace tambaya, kuma kwamfuta tana ƙara wa mutum wuya duk sanda ya amsa daidai, ba ta kuma barinsa ya koma baya. Na karanta tambayar farko, na bi zaɓin ɗaya bayan ɗaya, kunnena ya shaida mini cewa duka biyar ɗin lafiyarsu ƙalau. Na zaɓi wanda ya fi tsawo da manyan kalmomi, domin haka muka saba gane mai ilimi, sai na tarar shi ne littafin ya fi yi wa kaca-kaca a wajen bayani.

Daga nan na shiga koyon tarkunan. Akwai wanda za a ajiye suna tilo a farkon jimla, sannan a jero sunaye jam'i a bayansa har mutum ya manta daga inda aka taso, sai a kawo aikatau a tambaye shi da wa zai dace. Akwai na wakilin suna da ba a san wanda yake wakilta ba. Amma wanda ya fi ba ni haushi shi ne na yankin jimlar da ake buɗe zance da shi, domin a dokarsu duk abin da ya biyo bayan waƙafi shi ne ya yi aikin da aka ambata. Idan aka rubuta da Turanci cewa yana cikin gudu don ya riski mota, hularsa ta faɗi, to a wurin masu jarrabawar hular ce take gudu, kuma babu wanda zai saurari hujjar cewa duk mai hankali ya san hula ba ta da ƙafa. Sai kuma na kwatance, wanda ya hana a ce farashin shinkafa a Kano ya fi Kaduna, wai an gwada farashi da gari, dole sai an ce ya fi na Kaduna. Ni dai a ganina wannan neman magana ne, amma tunda su ne masu ba da maki, na bi.

Sannu a hankali na ƙware, har na kai ina hango kuskure tun kafin in gama karanta jimla, kuma a nan ne abin ya zame mini ciwo, domin kunnen da aka horar ba ya sanin lokacin tashi daga aiki. Wata safiya uwargida ta ce mini kuɗin cefanen bana ya fi bara. Ban san lokacin da na ce mata ta gwada kuɗi da shekara ba, kuma abin da ya kamata ta ce shi ne ya fi na bara. Ta dube ni tsawon lokaci, sannan ta ce, “To, Malam, na gode da karatu. Na bana ya fi na bara, sai ka ƙaro Naira 5,000 yanzu, tunda jimlar ta fito fili.” Na ƙara, domin babu wani zaɓi daga A zuwa E da zai fitar da ni.

Na ofis ya fi wannan muni. An manna wata sanarwa a allo wadda ta fara da “The list of latecomers are attached”, ni kuma da na ga suna tilo an haɗa shi da aikatau na jam'i sai jikina ya hau tsuma. Na zaro jan biro na soke “are”, na rubuta “is” a samansa, na ƙara ja masa layi biyu, ina zaton sakatare ne ya rubuta. Ashe shugaban ne da kansa ya buga ta, kuma ashe sunana yana cikin jerin masu makarar, saboda karatun dare da nake yi ya sa ba na tashi da wuri. Da ya kira ni ofishinsa na durƙusa na ce, “Ranka ya daɗe, ga ni.” Ya ce, “Na ga gyaranka, kuma ya yi kyau. Jimlar dai ta gyaru, saura mutanen da ke cikinta.” Tun daga ranar ya ɗora mini duba kowace takarda da za ta fita daga ofishin, ba tare da ƙarin ko kwabo a albashi ba.

Duk wannan lokacin ban yi rajistar jarrabawar ba, saboda da dala ake biya, kuma tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023 dala take ta hawa. Na yi ta jira ta sauko, ita kuma ta yi ta yin sama, har sai da ta wuce Naira 1,500 a watan Fabrairun 2024, sannan na haƙura na runtse ido na biya. Da na zauna yin gwajin share fage a intanet, na wuce kai tsaye zuwa sashen Turanci ina murza hannu. Tambaya ta farko ta fahimtar rubutu ce, ta biyu ta auna hujja, haka aka yi ta tafiya har tambayoyi 23 suka ƙare cikin minti 45, ban ga jimla ko ɗaya mai layi a ƙarƙashinta ba. Na ɗauka kwamfutar ce ta gane gwani ya zo ta ɓoye su.

Binciken da na yi daga baya ne ya nuna mini cewa tun a watan Nuwamban 2023 aka fito da sabon tsarin jarrabawar, wanda aka cire gyaran jimla da rubutun insha'i daga cikinsa gaba ɗaya, aka kuma faɗaɗa sashen nazarin alƙaluma da jadawali zuwa tambayoyi 20, tsohon tsarin kuwa an rufe shi a ƙarshen Janairun 2024, makonni kaɗan kafin in biya kuɗina. Na kira Yaya na shaida masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, “Ikon Allah! A zamaninmu dai akwai shi.” Ya ƙara da cewa in riƙe littafin ya bar mini, kuma tunda hannuna ya faɗa, zai turo mini wata wasiƙa in duba masa kafin Litinin.

Na ɗauki littafin na kai wa wani mai sayar da tsofaffin littattafai ko zan rage asara. Bai ma buɗe shi ba, bangon kawai ya duba ya ce, “Yallaɓai, wannan ai an daina yayinsa, sai dai in auna shi a sikeli, masu tsire da masu ƙosai ne suke saye. Kuma ka sani, kuɗin tsohuwar jarida ya fi littafin nan.” Bakina ya buɗe da kansa zai sanar da shi cewa ya gwada kuɗi da littafi, sai na tuna abin da irin wannan gyaran ya jawo mini a gida, na rufe shi, na miƙa hannu na karɓi abin da ya ba ni.