Sirrin mayaƙa amana ne a wuyanka

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwa.

A shekara ta 8 bayan hijira, Manzon Allah (SAW) ya yi shirin tafiya Makka, ya kuma ɓoye shirin. Sai sahabi Haɗib bin Abi Balta'a ya rubuta wa Ƙuraishawa wasiƙa yana sanar da su, ya ba wata mata ta kai. Aka tura Aliyu da Zubairu da Miƙdadu, suka cim mata a Raudatu Khakh, ta zaro takardar daga cikin kitsonta. Da aka tambayi Haɗib, ya ce shi bai bar addininsa ba, iyalinsa ne suke Makka ba su da dangin da zai kare su, shi ya sa ya nemi wata alfarma a wurin Ƙuraishawa. Annabi ya gaskata shi, ya hana Umar taɓa shi saboda Haɗib ya halarci yaƙin Badar. Amma ku lura, 'yan uwa, duk da uzurinsa ba a bar wasiƙar ta isa ba, kuma farkon Suratul Mumtahana ya sauka a kan wannan lamari. Kyakkyawar niyyar mai fallasa ba ta hana abokin gaba amfana da abin da ya karanta.

Wasiƙar Haɗib an iya tare ta a hanya. Ta yau wa zai tare? A watan Maris na 2025, manyan jami'an gwamnatin Amurka suna tattauna harin da za su kai wa 'yan Husi a Yaman ta manhajar Signal, aka yi kuskuren saka ɗan jarida Jeffrey Goldberg cikin zauren. Ya karanta lokutan tashin jiragen yaƙi tun kafin su tashi. Ba ina maganar dacewar harin ko rashin dacewarsa ba ne. Abin dubawa shi ne latsawa ɗaya ta fitar da abin da ake tsarewa da maƙudan kuɗi. A 2018 ma, taswirar da manhajar motsa jiki ta Strava ta wallafa ta nuna siffar wasu sansanonin soja, saboda sojoji suna gudun atisaye da na'urorinsu a kunne.

To mu fa? Mu ne masu turawa. Takarda mai hatimin ofis ta faɗo cikin zaurenmu na WhatsApp, ko bidiyon jerin motocin soja da sunan hanyar da suka bi, sai hannu ya riga tunani. Kowa yana son a ce daga wurinsa aka fara ji. Ɗan uwa, wanda ake shirin kai wa samame shi ma yana da waya. Idan ya san rana da hanya da yawan motoci, ko dai ya gudu, ko ya dasa nakiya ya yi kwanton ɓauna. Sojan da zai faɗa ciki yana da uwa, yana da mata da 'ya'ya. Mutumin da ya tsegunta wa hukuma maɓoyar ɓarayi, idan sunansa yana cikin takardar, ka miƙa shi hannunsu. Wannan yana ci mini rai ƙwarai, domin mai turawa yakan kwana lafiya bai san jinin da ya rataya a wuyansa ba.

Allah Ya zargi wannan hali a Suratun Nisa'i, aya ta 83: mutanen da idan labarin aminci ko na tsoro ya zo musu sai su watsa shi, maimakon su mayar da shi ga Manzo da ma'abota al'amari daga cikinsu.

Wani zai ce, to idan takardar tana tona zalunci ne fa? Addini bai ce a rufa wa azzalumi asiri ba. A kai ƙara kotu, a kai majalisa, a sanar da masu bincike. Amma tona laifin da aka riga aka aikata daban, bayyana inda mayaƙa za su kwana gobe daban.

Ma'aikacin da takardar ta biyo ta teburinsa, ka ji tsoron Allah, kada ka ɗauki hotonta ko don matarka. Kai soja, kada ka saka hoton sansaninku, domin hoto yakan ɗauki bayanin wurin da aka ɗauke shi. Kai kuma da ta iso wayarka, ka goge ta, ka kira wanda ya turo ka yi masa nasiha a keɓe, cikin taushin murya.