Dakta Awang Hassan: Gwamnan da ba shi da baitulmali

Idan Bahaushen yau ya ji an ce gwamna, hankalinsa na zuwa ne kan mai riƙe da baitulmalin jiha, mai naɗa kwamishinoni da raba kwangila. A Malesiya ba haka abin yake ba. Jihohi 9 na ƙasar suna da sarakunansu na gado. Sauran 4, wato Penang da Melaka da Sabah da Sarawak, Sarkin ƙasa ne ke naɗa musu gwamna na wa'adin shekara 4, kuma gwamnan ba ya tsara kasafin kuɗi, ba ya gina titi. Wannan aikin babban minista ne, wanda majalisar jiha ta mara wa baya. Kujerar da Tun Dakta Awang Hassan (Tun laƙabin girmamawa ne a ƙasar) ya riƙe ke nan a Penang daga 1981 zuwa 1989, kuma a ganina ba kujerar banza ba ce.

An haifi Awang a 1910 a garin Muar na jihar Johor. Ya yi karatun likita a kwalejin King Edward VII da ke Singafo, zamanin mulkin Turawan Ingila, lokacin da likita ɗan ƙabilar Malay sai an tona. Ya duba marasa lafiya a Johor shekara da shekaru, ya shiga UMNO, jam'iyyar 'yan Malay mai mulki a lokacin, ya wakilci Muar ta Kudu a majalisar tarayya har ya zama mataimakin kakaki, daga baya aka tura shi jakada Ostareliya. Matarsa 'yar'uwar Tun Dakta Ismail ce, wani likitan da ya rasu a 1973 yana mataimakin firayim minista. Ya haura shekara 70 lokacin da aka kawo shi Penang.

Likitoci sun yi kaka-gida a mulkin ƙasar a wannan zamani. Firayim minista Mahathir Mohamad, wanda shi ma ya hau a 1981, likita ne daga kwaleji ɗaya da Awang. Babban ministan Penang, Lim Chong Eu, likita ne da ya yi karatu a Edinburgh. Shi Lim ne ya jawo kamfanonin kayan lantarki irin su Intel zuwa yankin Bayan Lepas na jihar, kuma a zamaninsa aka buɗe gadar Penang a 1985. Yabon wannan aiki nasa ne, ba na gwamna ba.

To, mene ne amfanin Awang? Penang jiha ce da 'yan Malay da 'yan asalin Sin suka kusa yin kunnen doki a yawa, ga kuma Indiyawa. An zubar da jini a can a tarzomar 1967, kafin ta 13 ga Mayu 1969 ta girgiza Kuala Lumpur. Tun samun 'yancin kai a 1957, babban ministan jihar ɗan asalin Sin ne, gwamna kuma Musulmi daga ɓangaren Malay. Ba doka ce ta rubuta haka ba, fahimtar juna ce. Manomin shinkafa ɗan Malay a yankin Seberang Perai ya san akwai nasa a saman jiha, ɗan kasuwa ɗan asalin Sin a George Town, babban birnin jihar, ma haka. Dattijon da ya saba sauraron kukan majinyaci ba tare da tambayar ƙabilarsa ba ya dace da irin wannan zama.

Masu suka suna cewa kujerar ladan ritaya ce ga 'yan jam'iyya mai mulki, kuma talaka ke biyan kuɗin fadar. Suna da hujja: wanda Awang ya gada, Tun Sardon Jubir, tsohon minista ne ɗan UMNO. Amma maganin wannan shi ne a gyara hanyar zaɓen mutumin, ba a rushe kujerar ba. Mu ma a Arewa mun taɓa yin irin wannan tsari, Sir Kashim Ibrahim yana gwamna, Sardauna yana firimiya, kafin sojoji su kawar da tsarin a 1966, daga baya aka tattara girma da iko da kuɗi a hannun mutum ɗaya.

An gwada ƙarfin kujerar Penang a 2008, shekara 10 bayan rasuwar Awang, lokacin da 'yan adawa suka lashe zaɓen jihar. Gwamnan lokacin, Tun Abdul Rahman Abbas, wanda aka naɗa a zamanin gwamnatin da ta sha kaye, shi ya rantsar da Lim Guan Eng na jam'iyyar DAP, aka miƙa mulki lami lafiya.