Yawan ƙwayoyin furosesa ba shi ne saurin wasa ba

Masu haɗa kwamfutar wasa da tsofaffin kayan saba (server, wato babbar kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima) sukan ɗauka cewa furosesa mai ƙwayoyi (cores, wato sassan da ke yin lissafi a cikinta) da yawa ita ce ta fi. Ba haka ba ne. Galibin wasanni ƙwayoyi shida zuwa takwas suke mora, kuma saurin kowace ƙwaya suke buƙata. Shi ya sa furosesan saba Xeon E5-1650 v3, mai ƙwayoyi 6 a 3.5GHz, yakan doke E5-2699 v3 mai ƙwayoyi 18 a 2.3GHz. Kuɗin da ya rage a zuba shi a katin hoto (graphics card), domin waɗannan Xeon ɗin ba su da nasu. In babu kati, allo baƙi za ka gani. A kuma tabbatar madabod ɗin X99, wanda ake ɗora waɗannan Xeon ɗin a kai, yana karɓar RAM na saba nau'in RDIMM kafin a saya.