Malam, Ka Leƙa Waje Kafin Ka Buɗe Littafi

Ƙannena malaman firamare, maza da mata, musamman ku da kuka kama alli a ƴan shekarun nan, ina da magana da ku, kuma ina roƙon ku karɓe ta a matsayin gyara kayanka, wanda ba ya zama sauke mu raba. A makon jiya wata hidima ta kai ni wata makaranta a nan cikin garin Tawa na Nijar, na tsaya bakin ƙofar wani aji na CE1, wato aji uku na firamare, ina jiran darakta, cikin wannan zafi na watan Afrilu da ma'auni ke haura 40 tun kafin azahar. Yara sun cunkushe huɗu-huɗu a kan tebur, wasu suna fifita da allunansu, zufa ta jiƙe musu wuyan riga. Malamin, saurayi mai tsabta da murya mai daɗi, yana karanta musu labarin wasu yara da suka sa safar hannu da hular ulu, suka fita suna dunƙula dusar ƙanƙara, suka gina mutum-mutumi suka soka masa karas a wurin hanci. Da ya ɗaga hoton, wata yarinya a layin gaba ta tambaye shi da Hausa ko garin tuwo ne aka zubar a ƙasa, aji ya fashe da dariya, shi kuwa ya daka mata tsawa ya ci gaba. Bayan an tashi na tambaye shi dalilin da ya sa ya zaɓi wannan littafi, sai ya ce, "Wallahi Baba, shi ne a sama cikin kwalin."

Wannan amsa ita ce ta hana ni sakat, domin na san ba shi kaɗai ba ne, kuma kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Ɗabi'a ce da ta yaɗu a tsakaninmu. Lokacin karatu ya yi, malam ya tura hannu cikin kwalin littattafan da wata ƙungiya ta kawo gudummawa, ko ya aiki yaro ofishin darakta ya ce a ɗauko masa "kowanne ma", abin da hannu ya faɗa a kai shi za a karanta, ba a duba watan da ake ciki ba, ba a leƙa waje an ga halin da gari yake ciki ba, kuma mafi muni, malamin bai taɓa buɗe littafin ba kafin wannan sa'a. Daga muryarsa ake ganewa. Yana tuntuɓe a kan kalmomi, yana tsayawa inda ba a tsayawa, yana juya shafi yana mamakin hoton tare da yaran, kuma idan aka jefo masa tambaya ba shi da abin mayarwa sai tsawa. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu a gaban yara muke fafe namu, sannan mu koma muna cewa yaran yanzu ba su da ƙwaƙwalwa.

Ku tuna wane ne yake zaune a gabanku. Yaro ne da ya tashi da Hausa, ko Tamajak, ko Fulatanci, bai haɗu da Faransanci ba sai ranar da aka rubuta shi a CI, wato aji ɗaya na firamare, kuma a gidajen mafi yawansu babu littafin labari ko guda. Wannan ɗan lokaci da malam yake buɗe littafi ya karanta da murya, shi ne kaɗai lokacin da yaron yake jin yadda rubutu ke komawa magana mai daɗi, har ya fara sha'awar ya iya da kansa. Yaro kuwa yana kama sabuwar kalma ne idan ya samu abin da ya sani ya jingina ta a kai. In ka karanta masa labarin rijiya a watan da uwarsa take kwana a layin ruwa, ko da rabin kalmomin sun wuce shi, zai bi ka, domin ya san guga, ya san igiya, ya san faɗan da ake yi a bakin famfo. In kuwa harshen baƙo ne, abin da ake faɗa ma baƙo ne, lokacin kuma bai dace ba, ka haɗa masa wahala uku a zama ɗaya, ka zama kamar mai shuka a kan fako a watan Maris yana jiran tsiro.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, babu ƙasar da ta fi tamu sauƙin wannan aiki, domin lokutanmu ba sa ɓuya. Shekarar karatu tana farawa a watan Oktoba, a tsakiyar kaka, ana yankan gero, ana ɗaure dammuna, ana gyaran rumbu, yara suna zuwa aji da ɗanyen wake da gyaɗa a aljihu, a ƙauyuka da dama ma ba a iya kafa ajin zana sai an gama girbi an samu kara. Wannan wata ne na labarin gona, da tsuntsayen da ke cin hatsi, da manomin da ya tanadi iri da wanda ya cinye nasa, da zakkar da ake fitarwa. Amma malam ya tura hannu a kwali ya fito da labarin hutu a bakin teku. Disamba ta zo da hunturu, hazo ya rufe rana, leɓɓa sun tsage, ƙafafu sun yi kaushi, yara suna zuwa a makare domin sun tsaya jin ɗumi, gari kuma ya ɗauki zancen kokowa. Wa ya kai mu haƙƙin wannan zance, alhali a nan Tawa aka fara gasar kokowa ta ƙasa a 1975? Yaron da ba ya iya zama minti biyar, in ka kawo masa labarin ɗan kokowa da kirarinsa, zai manta da ƙofa. A wannan lokaci ne kuma gidajen Adar, wato wannan yanki namu na Tawa, suke zama babu maza, uba ya tafi cin rani Abijan ko Kano ko Libiya, yaro yana zaune a aji da kewar da bai san yadda zai faɗe ta ba, kuma labari ɗaya na matafiyin da ya tafi ya dawo zai yi masa abin da bulala ba ta yi. Malam bai ga wannan ba, domin idonsa yana cikin kwali.

Daga nan sai noman rani, albasar Galmi tana cika buhuna a bakin hanya, masunta suna kan tafkin Tabalak, sai bazara ta shigo da mangwaro da ƙishirwa da fargabar sanƙarau, manoma suna haƙa ƙananan ramukan tassa a kan fako suna zuba taki, kowa yana duban gabas. Shamuwa ta sauka a kan itatuwan gari, tsofaffi su ce ruwa ya kusa. Ku lura da wani abu da yawancinku ba ku taɓa lissafawa ba: damina kusan gaba ɗayanta a cikin babban hutu take faɗawa, saboda haka in ba ku karanta wa yara labarin hadari da shuka da kwaɗi a watan Mayu da farkon Yuni ba, to sai su gama shekara shida na firamare ba su taɓa jin lokacin da ya fi kowanne muhimmanci a rayuwar iyayensu ya fito daga cikin littafi ba. Ga kuma azumi da salloli biyu da Mauludi, waɗanda suke matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, ta yadda tsarin da ka yi bara ba zai yi maka bana ba sai ka sake zama ka duba. Duk wannan yana buƙatar mutum ya zauna tun farkon wata ya jera littattafansa, ya ce wannan na yanzu ne, wancan ya jira. Shi kuwa mai "wanda ke sama" ko ranar da za a fara tashe bai sa a ransa ba.

Akwai ɓarnar da ta wuce gajiyar da yara, ita ce koya musu ƙaryata idonsu. Littafin da aka rubuta a Faransa yana cewa shekara lokuta huɗu ce, ganye yana zubewa daga Satumba zuwa Nuwamba, itatuwa su tsaya tsirara a cikin sanyi, su sake toho a Maris da Afrilu. Gaskiya ne a can. A nan kuwa ga gawo tsaye a gonar uban yaron, wanda yake zubar da ganyensa da damina, lokacin da kowane icce ya yi kore, ya kuma yi lif da ganye da rani, lokacin da awaki ba su da abin ci sai ƴaƴansa. Yaron ya san wannan tun kafin ya san baƙi da wasali. In malam ya karanta masa na littafi bai ce uffan a kan gawo ba, abin da yaron zai ɗauka shi ne akwai gaskiyar makaranta, wadda ake haddacewa don jarrabawa, akwai kuma ta gida, wadda ba ta da daraja a gaban allo. Daga nan ake samun ɗalibin da ya kai jami'a yana jin kunyar sanin sunan ciyawa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Kada wani ya juya maganata ya ce na hana karanta littattafan waje. Yaron Tawa yana da haƙƙin ya san akwai teku, akwai ƙasashen da ruwa ke daskarewa, akwai jirgin ƙasa. Amma shi kansa labarin ƙanƙarar yana da watansa. Ka ajiye shi sai Janairu, da safiyar da yara suka shigo suna karkarwa hannuwa a hammata, ka ce musu akwai inda sanyi ya ninka wannan har ruwan sama yake saukowa fari, ka ga yadda za su zuba maka ido. Littafin bai sauya ba, malamin ne ya yi tunani kafin ya buɗe shi. Zanen aro ba ya rufe katara, balle a ɗaura shi a birkice.

Na san uzurin da za ku kawo, na kuma ji shi har na gaji: babu littattafai, aji ya cika, kuɗin malaman kwantaragi ba ya zuwa a kan kari. Ban musa ko ɗaya ba, kuma Allah ya sani ina tausaya muku. Amma rashin albashi bai hana mutum karanta shafi takwas da daddare ba, tunda bai hana shi kwana a fadar samari yana shan shayi yana murza waya har sanyin asuba ba. Ita wannan waya, da ake shiga aji da ita a hannu, a ɗora wani yaro ya rubuta sunayen masu surutu, malam ya fita inuwa yana dariya shi kaɗai, zancenta na wata rana ne. Batun rashin littattafai kuma, tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida a Damagaram, cibiyar tsara kayan koyarwa ta ƙasa, INDRAP, tana Yamai tana shirya littattafan makarantunmu shekara da shekaru, marigayi Boubou Hama ya tattara tatsuniyoyi da labaran ƙasar nan masu yawa, kuma tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a hukumance. Wa ya taɓa zuwa ya bincika abin da ke cikin kabad ɗin darakta, ƙarƙashin ƙura? In ma an duba babu, malamin da ya iya rubuta dogon saƙo a WhatsApp ya iya rubuta shafi ɗaya a kan zuwan shamuwa ya karanta wa ajinsa. Ƙyuya ce kawai muke yi wa ado da sunan talauci.

Iyaye ma ba su fita ba. Da can, in an gama kaka dare ya yi, kaka ko gwaggo ce take tara jikoki ta ce ga ta nan ga ta nanku, har ana tsorata mu cewa mai yin tatsuniya da rana ɓata yake yi, wato su ma sun san kowane zance da lokacinsa. Yau tsohuwar tana zaune ita kaɗai a kan tabarma, jikokin sun kewaye waya suna kallon rawar wasu mutane. Nauyin da gida ya sauke ya dawo kan malam, shi kuma ya miƙa shi ga kwali.

Mu da muka yi karatu a hannun malaman da, mun ga wani abu dabam. Kowace safiya, bayan an rubuta kwanan wata a kan babban allo, sai a fitar da yaro guda ya dubi sama ya dawo ya faɗi abin da ya gani, ko hazo, ko iska daga gabas, ko gajimare, a rubuta. A kusurwar aji akwai tebur da ake ajiye abin da lokaci ya kawo: zangarniyar gero a Oktoba, ƴaƴan bagaruwa da rani, gashin tsuntsu, sheƙar da iska ta kayar. Malam ba ya tsayawa gaban yara sai darakta ya duba takardar shirin darasinsa ya sa hannu, kuma in ya zo karatu, za ka ga ɗan alamun fensir a gefen shafi, inda zai dakata, inda zai yi tambaya, inda zai sauya murya ya zama kura. Ba su fi ku takardun shaida ba, wasunsu ma ba su kai ku ba, kuma su ma sun koyar a rumfar kara, sun yi watanni a ƙauyen da mota ba ta zuwa. Abin da suke da shi kunya ce, kunyar yaro ya tambaye su abin da ke shafi na gaba su rasa amsa. Ku ji tsoron Allah a kan ƴaƴan mutane, ku gyara, domin amana ce aka ba ku. Da yawa daga cikin waɗancan malamai sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Sauran suna nan cikin unguwanni sun yi ritaya, wasu da tsofaffin takardun darasinsu a cikin akwati, suna wuni a ƙofar gida, kuma kuna wuce su a kan babur safe da yamma da ɗaga hannu kawai.