Ɗakin mai gadin wuta, yau shi ake gadi

Jiya na ci karo da wani hoto daga Amurka: ɗan ɗaki na gungumen itace a tsakiyar daji, an naɗe shi tsaf da mayafin alminiyam tun daga rufi har ƙasa, kai ka ce dankali za a gasa. 'Yan kwana-kwana ne suka yi, don kada tartsatsi ya kama shi. Dariya na fara yi, daga baya abin ya tsaya min a rai.

A watan Agustan 1910 wata gobara ta cinye daji kusan eka miliyan 3 a jihohin Idaho da Montana cikin kwana biyu, ta halaka mutum sama da 80, yawancinsu masu kashe wuta. A shekarar ce kuma aka kafa gandun dajin Glacier, wani daji da gwamnati ta keɓe a jihar Montana. Tun daga nan hukuma ta ɗaura gaba da wuta. Aka bazu ana gina irin waɗannan ɗakuna a lungunan da mota ba ta zuwa. Ciki ba komai sai murhun ƙarfe, gado, gatari, shebur, abincin gwangwani, da wayar tarho da aka ja daga bishiya zuwa bishiya. Mai sintiri ya kwana, gari na wayewa ya ɗaura wa alfadari kaya, idonsa na neman hayaƙi. A 1935 hukumar dazuzzuka ta ma kafa ƙa'ida: duk wutar da aka hango, a kashe ta kafin ƙarfe 10 na safiyar gobe.

Ni ina tare da masu cewa a adana ɗakunan nan, ko nawa za su ci. Inda na raba gari da su shi ne labarin da ake bayarwa, na jarumta zalla. Mutanen sun yi aiki, har ya wuce gona da iri. Dajin da ya saba ci da ƙaramar wuta lokaci-lokaci, wadda 'yan asalin ƙasar ma kan kunna da gangan, aka hana shi shekara da shekaru. Kirare da matattun itatuwa suka yi ta taruwa, suka zama makamashin babbar gobara. Sai a 1968 hukumar da ke kula da gandayen daji irin su Glacier ta sassauta, ta fara barin wasu wutar tsawa su ci.

Don haka duk allon da za a kafa a ƙofar ɗakin, a rubuta har da wannan. In an ga dama a manna hoton alminiyam ɗin a gefe, mai ziyara ya gani da idonsa.