Ba duk cin zali ne ke barin tabo a jiki ba

A wani rubutu da na karanta kan cin zali, marubucin ya ce a koya wa yarinya ta yi banza da masu tsangwamarta, amma wannan shawarar ba ta isa ba. Bidiyon ɗalibar nan da aka yi ta mari a wata makaranta a Abuja a 2024 ya tayar da hankalin kowa ne saboda an ga dukan da ido. Cin zalin 'yan mata kuwa yawanci ba ya barin shaida: gaba, habaici, gulma. 'Yar yayata tana aji biyu a sakandare, ƙawayenta suka haɗa baki suka daina kula ta. In ta zauna cin abinci sai su kwashi kwanukansu su tashi, suka kuma cire ta daga zauren WhatsApp ɗinsu. Kowace Litinin sai ta ce cikinta na ciwo. Mun daɗe muna ba ta magani kafin uwarta ta zaunar da ita cikin dare, ta saurare ta ba faɗa. Ke baiwar Allah da kike ganin irin wannan cin zalin ai yarinta ce, 'yarki za ki ce wa ta yi haƙuri kawai? Malaman aji nawa ne ke lura da yarinyar da kullum take zaune ita kaɗai lokacin tara?